Gwangwanin da Yaya Ibtisam Ta Bari

Zuwa ga Yayana Saifuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya aikin tuƙa keken raksha da zafin Wad Madani? Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Yaya, ranar Talata wata Daktora Asma'u ta zo daga Wad Madani. Tare suke koyar da aikin haƙori a jami'a da marigayiya Yaya Ibtisam. Ni na kawo mata shayi, ban iya ɗaga ido ba. Ta nuna mana wata takarda a wayarta. Wai an jera malaman haƙori duka, kowa da yawan binciken da ya rubuta, da sau nawa wasu masana suka kafa hujja da shi. Sunan Yaya Ibtisam ne na ƙarshe. Bincike ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa waiwayarsa. Babban aikinta shi ne wanda kwalara ta hana ta gamawa.

Ka tuna gwangwanin madarar nan? Haƙoran yaran garinmu da ta tara don ta gano ko ruwan rijiya ne yake sa su yi ja. Saba'in da huɗu ne, ni na rubuta sunayen. Daktora tana so ta ƙarasa aikin da sunan Yaya Ibtisam. Inna ta ƙi. Ta ce haƙorin yaro kan rufin ɗaki ake jefa shi, ba a tarawa, kuma shida cikin yaran sun rasu a gudun yaƙi. Ranar Juma'a za ta binne su duka.

In ina shara da hantsi sai in ji gwangwanin yana ƙara a ƙarƙashin gado, ban kuwa taɓa shi ba. Kai kaɗai na gaya wa.

Ƙanwarka,
Huda

Zuwa ga Yayana Saifuddeen,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Inna ta ce in iyayen yaran sun yarda, ta yarda. Ta san ba na iya magana gaban mutane. Amma na bi gida gida, kwana biyu.

Iyayen masu rai sun yarda. Cikin shidan nan, uwaye biyar sun karɓi nasu sun binne. Ta shida, Ramatu mai sayar da wainar kisra, ta daɗe tana kallon haƙorin ɗiyarta Sara a tafin hannu, sannan ta mayar mini. Ta ce a kai jami'a, ko ba komai sunan Sara zai zauna a rubuce, tunda ba ta san inda kabarinta yake ba.

Yaya, Daktora ta riga ta gaya mini ba a sa sunayen yara a bincike, lamba ake sawa. Na kasa faɗa wa Ramatu.

Gwangwanin yana hannun direban motar Asabar, ka kai wa Daktora da hannunka. Ka roƙe ta saboda Allah ta rubuta sunan Sara, ko a gefen takarda ne, ko da fensir.

Ƙanwarka mai kewarka,
Huda