Katin da Na Ɓoye Cikin Kaba

Baba,

Ina gaishe ka, da fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma da ban iya miƙa maka ba, tunda ni ce 'yar fari. Ba ka kiran sunana, ni kuma ba na ɗaga ido in dube ka.

Gida lafiya lau. Inna ta fita takaba ranar Laraba. Jar akuyarka ta haifi biyu. Rumfarka ta gyaran rediyo a kasuwar Tasawa, wani mai takalma ya shiga.

Baba, na yi laifi. Ranar da aka kai ka, na zare katin da ke cikin ƙaramar rediyonka, na ɓoye shi a damin kabar da nake saƙar tabarma. Katin kiɗan nan da wani malamin lakwal, makarantar boko, ya ba ka, wanda ya ce wani Bajamushe ne ya tsara kiɗan shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Na ji tsoro a kai shi wurin masu sa waƙa su goge.

Ka tuna bayan la'asar? Kai kana gindin itacen bedi ka kunna rediyo, ni ina bayan zana da kabata. Goge ɗaya ya fara. Wani ya biyo shi da magana iri ɗaya, bai cim masa ba, bai kuma bar shi ba. Na uku ya shigo ta ƙasa. Sai in ga kamar kaba ce, wannan ta hau, waccan ta nutse, har tabarma ta yi faɗi ta rufe garinmu. Akwai wani kiɗan mai kamar yayyafi bisa rufin kwano. Idan ya zo, nakan ji ƙamshin ruwan farko ko da tsakar rani ne.

Da ƙawayena suka ce kiɗan aljanu ne, na taya su dariya. Ka ji ni ranar? Ban taɓa gaya maka ina sonsa ba.

Bayan na ɓoye katin, sai liman ya ce ko allura mamaci ya bari, ta magada ce, ba a taɓa ta sai an raba. Tun ranar abin nan da bai kai ɓawon gujiya ba ya yi mini nauyi. Ban ma saurare shi ba ko sau ɗaya, don an kulle rediyon cikin akwatinka.

Jiya aka yi rabon gado. Ƙanenka Baffa Sani ya zo daga Issawane. Na shiga zaure cikin maza, na durƙusa na aje katin, na faɗi abin da na yi. Ban san ko muryata ta fita ba. Baffa ya sa shi a rediyo don a san mene ne. Gogen ya tashi, kowa ya kasa kunne, har liman.

Baffa ya ce ka taɓa gaya masa wai da fari kiɗan bai dame ka ba. Ka lura ne idan ka kunna, hannun yarinyar nan da ke bayan zana yakan tsaya. Shi ya sa kake ƙara murya.

Ashe ka sani, Baba? Duk shekarun nan hira muke yi?

Aka yafe mini, aka sa rediyon da katin cikin rabona. Yau da la'asar na aje ta gindin bedi, wurin zamanka, na koma bayan zana da kabata. Da goge na biyu ya shigo, na kusa leƙawa. Ban leƙa ba. Ina jin kunyarka har yanzu.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu.

'Yarka ta fari. Ga sunan, na rubuta maka tunda ba sai ka faɗa ba:

Rakiya