Kaka Ya Fara Lulluɓe Injin Ɗumi da Bargo

Zuwa ga Goggo Ragnhild,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu Sixten da yara, Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan muna nan daidai gwargwado. Baba ya kira daga jirgin ruwa ranar Lahadi, ya ce ba za su dawo ba sai ƙanƙara ta narke. Makaranta lafiya lau, sai dai duhun hunturun nan mai gajeren yini da muke tafiya cikinsa mu dawo cikinsa.

Goggo, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Baba bai sani ba. Duk ranar da kika kira nakan shirya ta a bakina, amma da na ji muryarki sai in ce ƙalau muke, ga Kaka a gefe yana kasa kunne. Shi ya sa na ɗauki biro. Maganar ita ce tsoron dawowa gida nake yi. Da bas ta sauke ni a bakin hanya sai in tsaya ina ɓata lokaci, don ban san a wane hali zan tarar da mahaifinki ba.

Kin san tun da mai duba bututun hayaƙi ya hana mu hura murhu saboda tsagewar nan da ke jikin bututun, injin da ke jikin bangon baya shi kaɗai ne ɗuminmu. Bara Kaka da kansa ya koya mini yadda yake aiki. Ya ce iskar waje yake zuƙa ya tatso ɗan ɗumin da ke cikinta, don haka kada a taɓa toshe masa numfashi. Ya ce in ƙanƙara ta taru a bayansa yakan tsaya ya narkar da ita da kansa, ya yi tururi, ruwa ya ɗiga ƙasa, mu dai namu mu riƙa kwashe abin da ya daskare a gindinsa. Har da wasa ya laƙaba masa sunan Docka, goɗiyar nan tasa da yake jan itace da ita a daji tun kina yarinya. Lokacin dariya muka yi.

Yanzu abin ya wuce wasa. Ranar da sanyi ya fara tsanani na dawo na tarar da gidan kamar cikin firij, Kaka yana zaune da hula da safar hannu. Da na zagaya baya sai na ga ya ɗauko tsohon bargon doki daga rumfa ya lulluɓe injin ruf, ya ɗaure da igiya. Na tambaye shi dalili, ya dube ni kamar na yi wauta, ya ce wane marar imani ne zai ga dabba ta jiƙe da gumi tana tururi cikin wannan sanyi ya bar ta ba mayafi. Na janye bargon. Ƙanƙara ta toshe bayan injin gaba ɗaya, fankarsa tana gurzar ta da wani ƙara kamar ana wasa wuƙa. Na kashe shi, na yi ta ɓanɓarewa da yatsu har na daina jin su, kafin ya yarda ya tashi.

Washegari garau ya wayi gari. Ya dafa kofi, ya gasa burodi, yana tsokanata wai in ajiye littattafan soyayyar nan, don babu yariman da zai ratso dusar ƙanƙara ya zo nemana sai Östen mai share hanya, shi kuwa haƙoransa ma ba su cika ba. Na yi dariya har da hawaye, na ce a raina abin ya wuce. Ashe bai wuce ba. Kusan kullum yanzu sai na tarar da bargon, in ɓoye shi, ya nemo wani. Ta kai ga har mayafin gadon marigayiya Kaka Eivor ma na cire daga kan injin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ranar Alhamis. Ya tafasa ruwa a tukunya ya kai wai Docka ta sha mai ɗumi, ya sheƙa mata. Ruwan ya malale ya daskare a ƙasa sumul kamar gilashi, santsi ya kwashe shi. A nan na same shi kwance a gefe ɗaya, babu riga mai kauri, gemunsa ya yi fari da raɓa daskararriya. Ban san tsawon lokacin da ya yi a wurin ba, shi ma bai sani ba. Da ƙyar na ja shi ciki. Ƙugunsa ya yi baƙi har cinya. Da ya ji ɗumi hankalinsa ya dawo, sai ya kama hannuna ya ce in rufa masa asiri, don in kika ji za ki kai shi gidan tsofaffi na cikin gari, inda ake yanka wa mutum nama ƙanana kamar jariri. Ya ce a gidan nan aka haife shi, daga nan kuma za a fitar da shi. Goggo, kuka yake yi, ni kuwa ban taɓa ganin hawayensa ba. Na yi masa alkawari.

A littattafan da nake karantawa, in yarinya ta shiga irin wannan hali, wani yakan ƙwanƙwasa ƙofa daidai lokacin da ya kamata. Na daɗe ina kallon hanya ta taga kamar wawuya. A aji ba na jin abin da malama ke faɗa, ina ta gani a raina fankar ta tsaya, gidan yana hucewa a hankali, shi kuma yana waje. Yanzu ga shi rediyo ta ce sanyin da ke tafe mako mai zuwa ya fi duk wanda muka gani bana. In na yi shiru ina tsoron abin da zan tarar, in na yi magana na ci amanarsa, gaba kura baya sayaki. Amma an ce rigakafi ya fi magani.

Don Allah ki zo da kanki, kada ki turo kowa da mota da takardu. Ki zauna ki sha kofi da shi, ki gani da idonki. Wataƙila a samu mai leƙo shi da rana, ko a kewaye injin yadda hannunsa ba zai kai ba, ni ban sani ba. Kada dai ki yi masa faɗa.

Ki gaishe mini da Kawu Sixten, da Vidar da ƙaramar Majken, ki ce mata safar da nake saƙa mata ta kusa kammala.

Tun jiya takardar nan take cikin aljihuna, na yi niyyar yaga ta ya fi a ƙirga. Yau Asabar, ga motar Gunvor mai kawo wasiƙu can ta shawo kwana. Kaka yana taga yana ɗaga mata hannu, zai kuma ga abin da zan miƙa mata, zai tambaye ni, ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Gara ya yi fushi da ni yana raye. Bari in sa takalmi kafin ta wuce.

Taki har kullum,
Tindra