Tiyon da Na Zura ta Tagar Kicin

Litinin, 10 ga Satumba, 1962

Fada Heneghan ya sanar jiya a coci: layin addu'ar gida ya zagayo kanmu, Alhamis 11 ga Oktoba. Duk mutanen Cloonbrack za su shigo falona a yi addu'a, a karya kumallo. To, su zo. Su ga gidan da yaron da ya tafi Ingila da takalmin aro ya dawo ya gina da hannunsa. Na ce wa matata Dympna a sayo sababbin labule, kada ta duba tsada. Ta ce to. Kwanan nan "to" ɗinta ba ta da gishiri.

Alhamis, 13 ga Satumba

Matar marigayi Tuohy ta zo, shugabar ƙungiyar matan nan da Dympna ke zuwa taronsu. Da can saƙa da kwaɓa burodi suke koya wa juna, yanzu sun koma gwamnati. Suna so a jawo ruwa daga idon ruwan kan tudu zuwa gidajen ƙauye, kuma dole bututun ya ratsa ta babbar makiyayata. Wai gwamnati za ta tallafa in duk masu filaye sun yarda. Kowa ya yarda, saura ni.

Na gaya mata gaskiya. Ranar da famfo ya shiga gida, ranar mai haraji zai biyo shi. Kuma ba wanda zai farke mini filin da na tsince duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Malachy Durkan," in ji ta, "shanunka na shan ruwan famfo, matarka na ɗauka a bokiti."

Na ce shanu ke ciyar da gidan. Ta ce, "Au, ita kuma ado ce?" Ta shanye shayina ta tafi.

Asabar, 15 ga Satumba

Maganar ta tsaya mini a wuya. Famfon ɗakin tatsa ni na haɗa shi da injina, daga rijiyata, kuma tsallake tsakar gida kawai Dympna za ta yi ta tara. Mahaifiyata har bakin rafi take zuwa. Shigar da ruwa kicin ba wasa ba ne, sai an fasa bango, sai an nemi mai aikin famfo daga Castlebar. Na sha yi mata bayani.

Lahadi, 23 ga Satumba

Bayan coci ba matar da ta gaishe ni. Ko a jikina.

Juma'a, 28 ga Satumba

Za su Dublin! Sun yi ta damun ɗan majalisarmu har ya sama musu ganin minista. Sun yi hayar bas, su goma sha wani abu, da hulunansu na zuwa coci. Rana kuma? Talata 9 ga Oktoba, su kwana, su dawo Laraba. Kwana biyun da ake wanke gida da shafa farar ƙasa. Kuma matan da bisa al'ada ke zuwa taya mai gidan da layi ya faɗo wa, su ne a cikin bas ɗin.

Na ce, "Ba za ki ba." Tana ninke tawul, ba ta ko ɗago ba.

"Minista ne ya sa rana, ba ni ba."

"Fada fa? Jama'a fa?"

"Kai da ka gina rabin Birmingham, goge daɓe zai gagare ka?"

Talata, 2 ga Oktoba

Na kasa zama wuri ɗaya. Na kai yashi Swinford, na dawo, na sake fita ba dalili. Abin da ke cina: me Dympna za ta ce a can? Matar Tuohy ba ta da linzami. In maganar shanun nan ta fita a gaban minista, gobe tana jarida, jibi tana bakin kowa a kasuwar shanu. Ban tambaye ta ba. Ba zan tambaya ba.

Talata, 9 ga Oktoba

Sun tafi. Dympna ta bar burodi a lulluɓe da naman alade dafaffe. Packie Joe, tsohon tuzurun maƙwabcina, ya zo taya ni, wato ya zauna a kan katanga da lofe yana ba da umarni.

Farar ƙasa ruwa. Daɓe ruwa. Kwanukan baƙi da ke saman kabad tun bikinmu, ruwa, kuma mai zafi. Labulen ma sai an jiƙa. Na tsallaka tsakar gidan nan har na daina sanin inda kafaɗuna suke, wandona ya jiƙe sharkaf, iska kuma kamar wuƙa. Packie ya ce, "Miƙe bayanka, amarya, kada miji ya raina ki." Saura kaɗan in juye masa bokitin.

Da rana ta yi tsaka na ce wannan hauka ne. Na ɗauko tiyon wankin mota, na ɗaura a famfon ɗakin tatsa, na ja shi ta tsakar gida, na zura ta tagar kicin. Kafin butar shayi ta tafasa an gama. Ruwa har cikin baho.

Packie ya daɗe yana kallon tiyon. Ya cire lofe ya ce, "Ashe ba sai an je Castlebar ba."

Laraba, 10 ga Oktoba

Na naɗe tiyon na cusa bayan buhunan dusa kafin bas ya iso. Dympna ta shigo ta duba ko'ina, ta shafa kan kabad da yatsa. "Ka yi ƙoƙari," ta ce. Ta zauna mulmula man shanu ƙanana ƙanana na teburin Fada. Minista ya ba su shayi, ya ce tallafin na nan zuwa ƙarshen wata, in ba a daidaita ba a kai wa wani ƙauye. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Addu'a ta yi kyau. Falo ya cika har waje, an yaba labule, Fada ya yaba bango. Sai aka zo shayi, mutum wajen hamsin, ruwa ya ƙare. Ina falo ina yanka wa Fada burodi na ji kicin ya yi tsit. Na leƙa. Packie ne, Allah ya shirye shi, wai taimako. Ya zaƙulo tiyon ya zuro ta taga, yana ihu daga waje, "A tara, mata! Fasahar maigida ce, jiya shekaranjiya ya ƙirƙiro!"

Ruwa na zuba cikin buta, mata sun kewaye shi. Matar Tuohy ta ce, "Kwana nawa ya ɗauki bokiti, Packie?"

"Kwana? Rabin yini!"

Dariya har da masu riƙe ciki. Dympna kaɗai ba ta yi ba. Ta dubi tiyon, ta dube ni, ta ɗauki tire ta wuce falo.

Juma'a, 12 ga Oktoba

Na ce wa Dympna gobe zan fasa bangon, in sa mata famfo na gaske, da kwamin wanke-wanke fari irin na gidan likita. Na zaci za ta yi murna.

"Ba na so."

"Ba shi kike nema ba?"

"Na je gaban minista da bakin mata goma sha bakwai. In dawo in buɗe famfo ni kaɗai, Nonie Walsh na jan bokiti daga rafi da cikin wata takwas? Da wane ido zan dube ta?"

Sai na kasa riƙewa, na tambaye ta ko ta yi maganar shanun a can.

"An so in yi," ta ce. "Ban je Dublin don in tozarta mijina ba."

Da ta faɗa musu, da na san abin da zan yi da fushina.

Laraba, 17 ga Oktoba

Tiyon na rataye a ƙusa kusa da taga. Ta gabansa Dympna take wucewa da bokitanta. Da gangan. Yau na tsaya a ƙofar ɗakin tatsa ina kallo: tana karkata hagu in ta ɗauka. Tun yaushe take tafiya haka?

Asabar, 20 ga Oktoba

Abinci ba ya shiga. Na yi wa direban motar yashina faɗa a kan abin da bai yi ba.

Laraba, 24 ga Oktoba

Matan sun kawo injiniya daga ofishin gunduma, ya kafa turaku ta bayan filina, wai ko za a iya kauce mini. Ta cikin fadama, sannan ta kan dutse! Shi kansa ya ce da wuya tallafin ya kai. Na tsaya a shinge ina kallo har suka tafi. Wanda ya taɓa haƙa rami ya san bututu ba zai shekara biyu a wurin nan ba.

Alhamis, 25 ga Oktoba

Na tumɓuke turakun nan da safe na jera su inda hankali ya ce, a miƙe daga tudu, ta tsakiyar makiyaya, zuwa bakin titi. Ba wai na sauya ra'ayi ba ne, haraji zai zo, za su gani. Aikin banza ne ba na iya kallo. Na aika wa matar Tuohy cewa ramin ni zan haƙa, ba na son wani ya ɓata mini ciyawa.

Wajen sha ɗaya Dympna ta hauro da shayi a kwalba, an naɗe da safa kada ya huce. Ta bi layin turakun da ido har ƙasa. Ta ce na uku ya karkace.

Na duba. Ya karkace.