Firjinmu Yana Cikin Kwali Yana Jiran Almakashi

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasashen waje wadda ta aiko wa ƙauyenmu firjin allura,
Ofishin Abuja.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Sajan Ishaku Maidawa, tsohon soja, kuma a sojan ma aikin jinya na yi har na yi ritaya. Ina zaune a Gangaren Kuka, wani ƙauye a bayan duwatsu idan ka bar Zuru ka nufi wajen Ribah. Ni ne shugaban kwamitin lafiya na ƙauyen. Wasiƙa biyu na aiko ofishinka ban ji amsa ba, shi ya sa na miƙa wannan ga jarida. In sakatarenka bai kai maka waɗancan ba, wataƙila mai kawo maka jarida ya kai maka wannan.

Maganar ita ce, firjin ajiye allurar rigakafi mai aiki da hasken rana da kuka aiko wa ɗakin shan maganinmu yana nan cikin kwalinsa, wata goma sha bakwai ke nan, ba a buɗe ba. Ana jiran babban mutum ya zo ya yanke ƙyalle. Ni kuma ina da suruka mai cikin wata shida, Saratu, matar ɗana, wadda ke jiran allura ta biyu ta rigakafin cutar sarƙe haƙora. Ga bayanin dalla-dalla.

Na ɗaya. Ba yau na san ƙungiyarku ba. Na san ku a Saliyo lokacin yaƙi, sa'ad da aka tura rundunarmu kiyaye zaman lafiya, aka ajiye ni a wani asibitin gwamnati na ƙaramin gari. Likitan asibitin ya gudu, ban kuma ga laifinsa ba. An kwashe gadaje, an ɓalle tagogi. Abin da ya rage shi ne wata nas 'yar ƙasar, Sista Mariyama, da tsofaffin leburori biyu da suka ƙi tafiya. Abin da ya burge ni da ku shi ne ba ku kafa tanti a gefe kun ce ga asibitinku ba. Wannan asibitin gwamnatin da ya mutu kuka shigo kuka tayar. Kun kawo magani, kun gyara rijiya, kun tsaya wa Sista Mariyama ta ci gaba da aikinta, kuka ce ranar da yaƙi ya ƙare ku tafiya za ku yi, asibitin kuwa na mutanen garin ne.

Wata rana da hantsi wani ma'aikacinku ya iso da firji a bayan mota, bayan ya ratsa shingaye ban san ko nawa ba. Wani siririn Bature ne da rana ta gasa wa wuya, kullum da sukurudireba a aljihun gaba, har muka sa masa suna Ɗan Sukurudireba. Bai nemi kujera ba, bai tambayi wa zai yi jawabi ba. Tsani ya nema. Ni da shi muka hau rufi muka ɗaura farantan sola, muna jin ƙarar bindiga daga ƙetaren kogi. Ya nuna mini yadda ake haɗa waya da batir, da inda ma'aunin sanyi ya kamata ya tsaya, ya sa na kwance na sake haɗawa da hannuna har sau biyu. Kafin la'asar firji ya fara ƙugi. Cikin mako guda mata suka fara fitowa daga daji da goyo, ana yi musu allura. Sista Mariyama kuwa safe da yamma sai ta rubuta sanyin firjin a kati, ko da an wuni ana harbi.

Na faɗi wannan ne don ka san ba da ƙiyayya nake rubutu ba. Na ga amfaninku da idona, a wurin da gwamnati kanta ta gudu.

Na biyu. Da na ga motarku ta shigo Gangaren Kuka dab da Kirsimetin shekarar da ta gabaci bara, da tambarin nan da na sani a jikin ƙofa, sai da na cire hula don murna. Aka sauke kwali, na leƙa rubutun jikinsa, na ga irin firjin nan ne sak. Amma wannan karon ba wanda ya nemi tsani. Samari biyu ne masu tsabtar riga. Suka jera mu a bayan kwalin suka ɗauki hoto, suka ba ni takarda na sa hannu cewa kaya sun iso. Sannan suka manna wata takardar a jikin kwalin mai cewa kada a buɗe sai an yi bikin miƙawa ga hukuma. Aka kulle a sito, aka ba ni makulli ɗaya, ɗayan aka tafi da shi ofis.

Ranka ya daɗe, ka san halinmu a ƙasar nan. Ko rijiya aka haƙa ba a sha sai wani babba ya zo ya fara kurɓa a gaban mai hoto. Muka shiga shiri. Matan zumunta na coci suka ɗinka anko suka haɗa waƙa, limamin ƙauye ya ba da aron tabarmin masallaci, aka sassaƙa allon dutse da sunan babban baƙo. Karo na farko aka ce ya yi tafiya. Karo na biyu aka ce an yi masa rasuwa, muka yi masa addu'a muka naɗe tabarmi. Karo na uku aka ce an canja mai riƙe da kujerar, saboda haka sai an sake sassaƙa allo da sabon suna. Tun daga nan ba mu sake jin an sa rana ba. Ankon matan har ya koɗe, da shi suke zuwa gona yanzu.

Na uku. Wannan shi ne nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ma'aikacin lafiyarmu, Malam Garba, mutumin Danko ne, shekararsa takwas yana aiki a wurinmu. Tun bayan fasa biki na farko ya same ni a gida ya ce mu buɗe kwalin, tunda na iya haɗawa, in ya so ranar biki a lulluɓe firjin da zane a yaye. Na hana shi. Na ce masa akwai takarda a jiki, takarda kuwa umarni ce. Ya dawo bayan fasa na biyu, na sake hana shi, har na ɗaga masa murya a gaban mutane na ce ba a koya wa soja bin doka. Mu mutanen Zuru kusan kowane gida akwai kaki a rataye, kuma abin da muke taƙama da shi ke nan, ba ma motsi sai an ce motsa. Da wannan taƙamar na zauna a kan makulli.

Lokacin Saratu tana da cikinta na fari. Na san tana bukatar allurar nan, ai aikina ne. Amma kullum sai in ce wata mai zuwa za a yi biki, me zai sa a wahalar da yarinya a kan kabu-kabu har Zuru alhali ga firji a ƙofar gida. Ina cikin wannan lissafin damina ta sauka, rafin da ke tsakaninmu da titi ya cika, babur ya daina ƙetarewa.

Ta haihu a gida a tsakiyar damina, namiji, lafiyayye. Ungozoma ta yanke cibiya yadda ta saba. Ranar kwana shida yaro ya daina kama nono. Da na ɗauke shi na ji bayansa ya sandare, bakinsa ya ƙi buɗuwa, ban bukaci kowa ya gaya mini ba. Na ga irinsa a Saliyo, wurin matan da ba su samu fitowa daga daji da wuri ba. Kwanansa tara a duniya. Ba mu kai ga kai shi coci ba. Daga inda muka binne shi ana hango rufin siton da firjin yake.

Malam Garba ya zo gaisuwa, ya zauna, ya tashi. Har yau bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na huɗu. Yanzu Saratu tana da wani cikin. Wannan karon ban jira kowa ba, na sa mijinta ya ɗauke ta a babur zuwa Zuru, aka yi mata allura ta farko mako biyu da suka wuce. Amma hanyar duwatsu ce, kuma da suka dawo ta ga jini. Ya tsaya, mun gode Allah, sai dai Malam Garba ya ce kada ta sake hawa babur har ta sauka, ni ma abin da zan faɗa ke nan. Allura ɗaya ba ta isa ba, sai an ƙara ta biyu bayan wata guda, kuma da sauran lokaci kafin haihuwa.

Na je ofishin da ke raba allura na roƙa a ba Malam Garba ya kawo mana. Aka ce ba a ba ɗakin shan maganin da ba shi da firji mai aiki, kuma wannan doka ce mai kyau, ban musa ba. Na ce to ga firji a kwali. Aka ce ba a ƙaddamar ba. Na ce yaushe za a ƙaddamar? Aka ce ana jiran allo. Na hau dutsen da muke samun layin wayar salula na kira lambar da samarinku suka bar mini, wanda ya ɗauka ya duba takardunsa ya ce a wurinsu Gangaren Kuka ta riga ta samu firji, aiki ya kammala. Gaskiyarsa, ai ni na sa hannu. Ban da Saratu akwai wasu mata masu ciki a ƙauyen nan da ƙauyukan bayanmu, kuma ruwan farko ya riga ya sauka.

Na biyar. Ga tambayar da ke ci mini rai. A ƙasar da ake yaƙi, ma'aikacinku bai bar wurin ba sai da ya sa hannu cikin firji ya ji sanyi. A nan da muke zaune lafiya, hoton kwali ya ishe ku. Me ya canja? Na san za a ce a can babu hukuma, a nan kuwa akwai, dole a bi ta hannunta. Na yarda, ba na so ku tsallake gwamnatinmu. Amma a can ma ai asibitin gwamnati kuka taimaka, kuma ba ku ɗauka cewa ajiye kaya a ƙofa shi ne taimako ba. Ba na fatan abin da na gani a can ya faru a ƙasata ko na yini ɗaya. Abin kunya ne a ce dattijo irina ya zauna yana tunanin cewa da harbi ake yi a bayan dutsen nan, da jikansa ya samu rigakafi.

Ka kuma sani batir ba ya son zama. Na leƙa siton makon jiya, gara ta ci gindin kwalin, ɓera ya yi gida a kusurwa. In aka ƙara wata damina a haka, ranar da babban baƙo ya zo akwatin ƙarfe kawai zai ƙaddamar.

Saboda haka ga roƙona.

Ka rubuto takarda mai hatimin ofishinka cewa an yarda a buɗe firjin a fara aiki da shi, biki ya biyo baya duk ranar da allo ya samu. Ka aika da kwafinta ofishin da ke raba allura don su ba Malam Garba kasonmu kafin rafi ya cika. Ka sa ma'aikatanka su daina rubuta cewa aiki ya kammala sai sun ga katin sanyi an fara cika shi, a nan da duk ƙauyen da kuka kai irin wannan kaya, don ina zargin ba namu kaɗai ne ke cikin kwali ba.

Roƙo na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci a wurina. Ranar Litinin ta sama, in Allah ya kai mu, da takardarka ko babu, zan sa makullina in buɗe siton, in yage takardar da ke jikin kwalin, in hau rufi in haɗa firjin yadda mutuminku ya koya mini. Na riga na ari tsani. Na gaya wa mai gari, na gaya wa fasto da liman. Malam Garba ba ya ciki, na ce ya tafi Danko ya gaida iyayensa ranar. In akwai tuhuma ko hukunci, kada a taɓa aikinsa, a zo wurina, ina gida. Shekara ashirin da biyu na yi a soja ban taɓa saɓa umarni ba, kuma umarnin da na fi riƙewa da ƙarfi shi ne wanda ya ci mini jika.

Amma firji marar allura sanyin banza ne, kuma wannan ba ya hannuna, yana hannunka. Kullum da safe Saratu takan kawo mini kunu ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta taɓa tambayata komai ba. Ina so ranar da wata ya cika in iya ce mata ta ɗauko katinta mu taka zuwa wurin Malam Garba.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Allah ya saka wa mutanenku da suka shiga wuta don jinyar waɗanda ba su sani ba, ya kai su gida lafiya duk inda suke. Allah ya tsare maka 'ya'yanka da jikokinka, kada ya nuna maka abin da na riƙe a hannuna.

Babban baƙo kuma, duk ranar da ya shirya, muna maraba da shi. Za mu share fili, za mu nemo almakashi. Ina fata ya tarar da firjin yana ƙugi, Saratu kuma tana tsaye cikin masu waƙa da goyo a bayanta.

Wassalam.

Naka mai biyayya har zuwa ranar Litinin,
Sajan Ishaku Maidawa, mai ritaya,
Gangaren Kuka, ƙasar Zuru.