Maganin da nake sha a gaban jama'a

Makarfi, 1987

Zuwa ga Yaya Tukur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya da iyali, da aikin asibitin naku na Jos. Allah ya ƙara rufa asiri. Nan gida Inna tana nan da sauƙi, Kulu da yara kalau, ban da tsadar da sojoji suka ce mu ɗaure ciki mu jure. Mun ɗaure har ɗaurin ya rasa abin kamawa.

Yaya, ƙanenka ne ba lafiya. Ciwon bayan nan da ka sani ya sauko ƙafafu. Da farko kamar tururuwa ke yawo a tafin, yanzu kuwa shiru. Rannan a kasuwar Ikara na yi tafiya mai nisa da takalmi ɗaya ban sani ba, sai da wani mai rake ya ce ko sabon salon talla ne. Na yi dariya tare da su. Wanzami ya yi mini ƙaho, jini kawai ya kwasa. Inna ta dage sawuna aka ɗauka aka yi mini sammu. A Zariya na tarar likitoci na yajin aiki.

Sista Bernice ta ƙaramin asibitinmu ce ta duba fitsarina, ta ce ba suga ba ne. Da ta tambayi abin da nake sha kullum, sai na faɗa mata gaskiya. Ka san sana'ata: maganin ciwon baya nake talla, kuma ba mai saye sai ya ga na kafa kai na shanye kofi, na yi tsalle. Tun da maganin Bature ya yi wuya, Jumare na Kudan da ke haɗa mini nawa maganin yake ƙara wani farin gari a kan saiwoyin, ya ƙi faɗin sunansa. Sista ta ce ba ta rantse ba, amma in bari. Na gwada sha na ƙarya a kasuwar Malikanchi, wata tsohuwa ta ce in buɗe baki ta gani. Ranar ko kwalba ɗaya ban sayar ba, yara suka kwana da kunu.

Ga kwalba nan na ba direban da zai kawo maka wasiƙar. Don Allah ka roƙi masu awonku su duba abin da ke ciki. In shi ne, ba ni kaɗai ke sha ba, Yaya, rabin tsofaffin garin Taba sun saya a hannuna. Kada ka gaya wa Inna.

Ka gaida matarka Yaya Matta da su Usmanu, da abokinka Bobbo in ya leƙo. Ka hanzarta da amsa. Jibi kasuwa ce, gero ya ƙare a gida, kuma na riga na wanke kofin.

Naka ƙane,
Maiwada