Kofin Ruwa a Kan Salula

Yaya Iliya,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya aiki, yaya Saratu da yara, yaya zafin Agadas? Mu nan Damagaram lafiya, sai dai Inna.

Ka tuna labarin da marigayi Baba yake ba mu na Kiristocin dā, masu shiga hamada su yi shekaru suna jiran Ubangiji shiru? Shi ma haka ya nemi Allah: ya durƙusa, ya karanta Zabura, ya sha maganinsa.

To, Inna ta samu wani mai wa'azi a salula. Takan ɗora kofin ruwa a kan wayar, ya yi ta ihu, da ya ce amin ta shanye. Ta daina zuwa majami'a. Shekaranjiya na tsinci ƙwayoyinta na hawan jini a bayan randa, ko ɗaya ba ta sha ba. Da na yi magana ta ce, "Rahila, shakkar Allah kike?" Yau ƙafafunta sun kumbura, ita kuwa murna take, wai ciwon ne ke fita.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Amma ka taho, Yaya, maganarka kaɗai take ji. Kada ka jira Kirsimeti.

Ƙanwarka,
Rahila