Ƙafar Devuben da Alkawuran Sashen Lafiya

Daga:
Samjuben Rudabhai Thakor,
Ma'aikaciyar Lafiya ta Sa-kai,
Ƙungiyar Manoman Gishiri,
Ƙauyen Rannisar, Gujarat.

16 ga Satumba, 2022

Zuwa ga:
Babban Jami'in Kiwon Lafiya na Gunduma.

Yallaɓai,

GAME DA: CIWON ƘAFA A TSAKANIN MANOMAN GISHIRI DA ABIN DA YA SAMI DEVUBEN KOLI

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman izinin sake gabatar da ƙorafinmu. Wannan ce takarda ta huɗu. Ukun farko na kawo su da hannuna, an buga musu hatimi, an ce in je za a neme ni. A Rann, fakon da ake noman gishiri, aka haife ni, kuma sashenka ne ya horar da ni na mako biyu a shekarar 2017 domin in riƙa duba ƙafafun iyalai arba'in da ɗaya da ke shiga fako noman gishiri wata takwas a kowace shekara.

1. Motar asibiti. An sanar da mu a rubuce cewa za ta riƙa zuwa kowace Laraba. Daga Oktoban 2021 zuwa Mayun 2022 sau uku ta zo: 10 ga Nuwamba, 5 ga Janairu, da 16 ga Maris. A zuwa na uku babu likita, sai direba da kwalin maganin tari. Na sha tara mutane a bakin hanya tun hantsi, sun bar injinan ruwansu, mu zauna har rana ta karkata. Daga baya na daina kiransu, don kunya nake ji.

2. Takalma. Ranar 2 ga Disamba aka kawo dogayen takalman roba guda sittin, aka ɗauki hoto. Dukansu lamba goma ne, na maza. Yallaɓai, mata ne suke tattake kwami, wato filin da ake shanya ruwa ya zama gishiri, har ƙasarsa ta yi tauri kafin a sako ruwan gishiri. Wadda ta sa takalmin, laka ce ke cire mata shi a taku na biyu. Waɗansu sun cusa tsumma suka gwada, ruwa ya shiga ta sama, ƙafa ta wuni a jiƙe, cin ruwa ya kama tsakanin yatsu. Babu safa ko ɗaya a cikin kayan. Yanzu a cikinsu ake ajiye albasa.

3. Ruwa. Takardar faɗakarwa da aka ba ni in karanta wa jama'a ta ce a wanke ƙafa da ruwa mai daɗi bayan aiki, a tsane tsakanin yatsu, a shafa mai a kan faso, a rufe kowane rauni. Gaskiya ce, kuma na karanta musu. Amma tankar ruwa sai bayan kwana goma sha takwas ko ashirin take zuwa, kuma da ruwan nan ake sha, ake kwaɓa gurasar gero, ake dafa shayi. Wata tsohuwa ta tambaye ni a gaban mutane: "Samju, ke da kika yi karatu, ƙafa zan shayar ko jikoki?" Na naɗe takardar na mayar jaka.

4. Devuben Koli. Shekarunta hamsin da huɗu, mijinta ya rasu, ita da ɗanta da matarsa suke riƙe da kwami tara. A cikin matanmu babu mai saurin tattaka kamarta, kuma ita ce ta koya min aikin. Ranar 20 ga Fabrairu ƙwayar gishiri ta yanke ta a tafin ƙafar hagu. Ba ta ji ba. Surukarta ce ta ga jini a kan farin gishiri ta bi sawunsa har inda take. Da na duba, na taɓa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba ta jin komai, ta ƙara da cewa ta fi shekara a haka, kuma ta ɗauka ƙafar ce ta saba. Na yi zargin ciwon sukari. Ina da na'urar gwaji, amma tsinkayen gwajin sun ƙare tun watan Agusta, abin da na rubuta a takardata ta biyu. Na wanke raunin da ruwan shan gidana, na ɗaure da bandejin da ya rage, na ce mu jira Laraba. Wannan shawarar tawa ce, kuma ba na ɗora ta a kan kowa. Laraba uku muka jira, mota ba ta zo ba. Raunin ya zama gyambo, ya fara wari.

5. Ranar 17 ga Maris, bayan mota ta zo ba likita, ɗanta ya goya ta a babur, ni kuma na bi su, tafiyar kilomita talatin da biyar zuwa ƙaramin asibiti. Ma'aikacin da ya kwance bandejin ya toshe hanci ya ce: "Gwaggo, ku mutanen gishiri sai kun ruɓe kuke tuna asibiti." Ita kuwa ta ce masa: "Ɗan nan, asibitin ne ya ce zai zo, muka tsaya jiran baƙo." Gwaji ya tabbatar da sukari. Aka tura ta babban asibiti, inda aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa ranar 25 ga Maris. Likitan can ya gaya min da an kawo ta a makon farko, da wanki da magani sun wadatar.

6. A watan Yuli aka karanta mana rahoton sashenka a taron ma'aikata. An rubuta cewa an raba takalma ga kowa, kuma musabbabin ciwon ƙafa a Rann shi ne rashin tsafta da jahilcin mazauna. Ina zaune a layi na biyu. Ba a ba ƙananan ma'aikata damar magana.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon Yallaɓai ya sa a yi waɗannan: motar asibiti ta riƙa zuwa da likita, in kuma ba za ta zo ba a faɗa mana gaskiya mu san inda za mu nufa, a ba ni tsinkayen gwajin sukari, bandeji da man shafawa na wata takwas, a rubuta wa masu tankar ruwa su zo duk mako, a sa Devuben cikin jerin masu jiran ƙafar roba, a kuma cire waccan kalma ta jahilci daga rahoton.

Iyalai za su koma fako ranar 18 ga Oktoba, ko amsa ta zo ko ba ta zo ba. Don kada a ce ba a san lambar takalmin kowa ba, na bi gida gida na zana tafin ƙafar mata sittin da uku a kan tsofaffin jaridu, da suna a jikin kowanne, ga su nan a haɗe. Na yi niyyar tsallake gidan Devuben, amma ta ƙwala min kira daga bakin ƙofa, ta miƙo ta dama, ta ce in zana, takalmi ɗaya ma ya ishe ta. Tata ce takarda ta sama.

Ina mai ban haƙuri bisa tsawon bayani, tare da matuƙar girmamawa.

Taka mai biyayya,

Samjuben Rudabhai Thakor